Ƙullin Gamba a Saurar Baba Tyav

Litinin, 5 ga Agusta 2002, bayan La'asar

Mun iso lafiya, in ka ɗauke ciwon wuya. Motar ta sauke mu a bakin titin Obi, sauran tafiyar a ƙafa muka yi ta, kowa da tanti a ka. Aikina na dogon hutun bana ke nan: koyar da bin sawu da ɗaurin igiya a sansanin manyan 'yan sikawut, sati huɗu. Samari arba'in da biyu ne, duk sun gama sakandare, wasu har gemunsu ya fi nawa, amma dole su ce mini "Sa Ikrama". Ba zan yi wa littafina ƙarya ba, abin yana yi mini daɗi.

Shugabanmu Oga Norbert ne, tsohon malamin firamare mai ƙafafu kamar muciya cikin gajeren wando, usur a wuyansa ko wanka zai shiga. Wata shida ya yi yana zarya kafin mai garin nan ya ara mana fili, saboda rikicin da aka yi a yankin nan bara. Sharaɗi ɗaya aka gindaya masa: kada ƙafarmu ta taka ƙasar kowa.

Ya ce mana, "In aka ga mutum ɗaya cikin gonan mutane, wannan kam namu ya ƙare. Finish. Ikrama, kai ne mai yawo a daji, ka ji ni?"

Na ji shi. Shi ne zai rubuta mini takardar yabo da zan nemi aikin ɗamara da ita, saboda haka ko tari ya yi sai na ce sannu sau biyu.

Laraba, 7 ga Agusta, da hantsi

Mai dafa mana abinci Nguavese ce, 'yar ƙauyen nan, bakinta ya fi barkonon da take zubawa yaji. Da ta ji ina tsintar Fillanci kaɗan daga wajen kakata, sai ta rataya mini jarka ta ce daga yau ni ne mai ɗauko nono a rugar Hammawa.

Hammawa ba mai yawo ba ne. Shekararsa goma sha ɗaya a wurin, yana da masara a bayan bukkoki, ga kabarin mahaifiyarsa a gindin ɗorawa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗana, wandon nan tela ne ya gaji ko yadi ne ya ƙare?" Matarsa Ma'u ta yi dariya har ta zubar da ludayi guda, ta kuma ƙara mini biyu. Kafin in bar wurin na fara ce masa Baffa.

Maƙwabcinsa Baba Tyav ne, kawun Nguavese. Ta ce bara gidansu su tara suka gudu, su bakwai suka dawo. Daga nan ta ce albasa ce ta shiga mata ido, ta kore ni daga madafa.

Asabar, 10 ga Agusta, bayan Azahar

Yau na yi aikin da zan yi alfahari da shi. Na shimfiɗa hanyar da samari za su bi gobe ba tare da ja-gora ba, sai alamu kawai. Inda ƙasa take fili kibiyar tsakuwa nake jerawa, inda ciyawa ta yi tsawo kuwa sai in kama kan gamba in ƙulle, in karkata ƙullin wajen da za a nufa. Haka aka koya mini, haka nake koyarwa.

Hanyar da Oga ya zana mini a taswira ruwa ya shanye ta, har gwiwa. Sai na yanke ta bayan rugar Baffa, na ratsa wani fili na ɓulla bakin rafi. Ba gona ba ce, saura ce, babu ko kunya ɗaya a ciki, gamba ce kawai ta fi ni tsayi. Ƙulli ashirin da uku na yi, kowane ɗas da shi, duk wanda ya ɓace a hanyar nan sai dai a mayar da shi gida wajen uwarsa. Na hangi shanu daga nesa, ban ga kowa ba.

Ban faɗa wa Oga na sauya hanya ba. Zai gani gobe ya yaba.

Lahadi, 11 ga Agusta, da yamma

Ruwa tun Asuba. Rafi ya cika, Oga ya soke bin sawu gaba ɗaya. Dokarmu ita ce wanda ya sa alama shi zai koma ya kwashe abinsa. Gobe.

Litinin, 12 ga Agusta, bayan Magariba

Gadar igiya ta cinye mini yini. Gobe.

Talata, 13 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Na kawo nono, Nguavese ba ta zage ni ba. Nan na san akwai magana.

Ta ce, "Ka daina zuwa rugan nan. Wahala ya zo."

Jiya Baba Tyav ya je saurarsa ya tarar an ƙulle masa ciyawa, tun daga hanyar ruga har bakin rafi. Na ce to mene ne a ciki? Ta ajiye wuƙa ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

"Kai ɗan birni ne, ba ka san komai ba. A nan in mutum ya ƙulle ciyawa, ya ce na kama wurin nan, zan share in noma. A daji ake yi, inda ba mai shi. In ka yi a ƙasan mutum, ka ce masa ba shi da kowa ke nan, gidansa ya ƙare."

Saurar ta Iorliam ce, babban ɗan Baba Tyav, yana cikin biyun da ba su dawo ba. Shi ya sa uban ya bar ta ba noma bana. Da bazara Hammawa ya roƙi a ara masa ita ya ƙara masara, aka ce a'a. Ga shi ƙullin ya faro daga bayan rugarsa, ga sawun shanu a gefe.

Ta ce, "Har guda ashirin da uku fa. Wannan mutum ba ya tsoron Allah."

Na ce zan je in duba igiyoyi.

Laraba, 14 ga Agusta, da safe

Na karɓo nono. Baffa bai yi zancen wando ba.

Alhamis, 15 ga Agusta, bayan La'asar

An yi zama a ƙofar mai gari. An gayyaci Oga a matsayin baƙon gari, ya tafi da ni. Sun yanko ƙulle-ƙullen sun jera a kan tabarma, mutane suna kewaye su ba mai son taɓawa.

Baba Tyav ƙaramin tsoho ne, muryarsa ba ta fita sosai. Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya muna sha ruwa ɗaya. Da ka jira na mutu tukuna, Hammawa."

Baffa ya rantse da Allah bai ƙulla ba, bai sa an ƙulla ba. Mai gari ya ce to wa ya yi? Baffa ya bi mutane da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya zo kaina, ya wuce. Ya ce shi dai ba shi ba ne.

Hukunci: nan da ƙarshen wata ya kawo wanda ya yi, ko ya tashi. Masararsa tana buƙatar sati uku bayan haka.

Ana tsaka da magana Oga ya sunkuya ya ɗauki ƙulli ɗaya, ya jujjuya shi, ya mayar. Bai dube ni ba sai da muka yi nisa a hanya. Ya tsaya ya cire hularsa.

"Wace hanya ka bi ran Asabar?"

Kafin in amsa ya tare ni.

"Kar ka faɗa mini, ba na so in sani. Ikrama, yaran mutane arba'in da biyu na ɗauko, Musulmi da Kirista, na ce ma iyayensu ba abin da zai same su. In garin nan ya juya kanmu, ni da kai za mu tare? Ka ga idon samarin can? Sati biyu ya rage mu tafi. Manya za su gyara, kullum suna gyarawa."

Ba mugu ba ne. Ya mayar da hular, muka ci gaba da tafiya.

Juma'a, 16 ga Agusta, da yamma

Na shiga garinmu Lafiya sallar Juma'a. Ɗan acaban da ya ɗauko ni daga tasha har ya ji labari, a bakinsa ƙullin ya zama ɗari, har da laya a ciki. Inna ta yi mini tuwon shinkafa da miyar taushe, na ci loma uku. Ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓin daji ne. Na ce shi ne.

Asabar, 17 ga Agusta, da hantsi

Na karɓo nono. An yi ruwa.

Lahadi, 18 ga Agusta, bayan Azahar

Na zauna na yi tunani da kyau, kuma ga abin da na gani. Wanda ya yi abin nan bai san al'adar ba. Wanda bai sani ba, ba a ce ya yi da gangan. Kuma da Baffa bai roƙi filin da bazara ba, da ba wanda zai zarge shi. Kuma shanunsa ne suka bar sawu. Kuma mai gari mutumin kirki ne, ba zai tashi mutum da masara a tsaye ba, barazana ce kawai irin ta manya.

Na karanta abin da na rubuta. Kai, Ikrama, ashe lauya ya kamata ka nema ba aikin ɗamara ba.

Talata, 20 ga Agusta, ƙarfe tara na safe

Ma'u ta daina shiga ƙauye da ƙwarya, ba mai saye. Matan da suka yi shekaru suna karɓar man shanu a hannunta yanzu in sun hango ta sai su shige gida. Mu kaɗai muka rage mata, shi ma don Oga ya ce wa Nguavese samari ba za su sha koko gaya ba.

Yau Baffa da kansa ya zuba mini. Ya daɗe yana ɗaure bakin jarkar, abin da ba ya ɗaukar minti ɗaya. Ya ce, "Ɗana, lafiya kake? Ka rame."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Sauro ne, Baffa."

Ya ce Allah ya sawwaƙe.

Laraba, 21 ga Agusta, da yamma

Samari sun haye gadar igiya duka ba wanda ya faɗa. Sun ɗaga ni sama suna ihu. Gobe zan faɗa.

Alhamis, 22 ga Agusta, da hantsi

Rabin jarka na kawo. Ma'u ta ce jar saniyar ba za ta ƙara ba da nono ba. Na ga inda aka ja ta, na ga ƙudaje. Ba zan rubuta abin da aka yi wa ƙafafunta ba.

Ma'u ba ta yi kuka ba, sai haƙuri take ba ni wai nonon bai cika ba. Ni take ba haƙuri.

Juma'a, 23 ga Agusta, bayan La'asar

Ban shiga gari ba. Na ce wa Oga ina da magana, ya ce yana da aiki. Na ce an taɓa saniya. Ya ce ya ji, ya kuma ce kwana takwas ya rage. Idonsa ya yi ja, shi ma ba barci yake samu ba.

Asabar, 24 ga Agusta, da safe

Ranar sabunta alkawari. Ni aka sa na tsaya gaban tuta, yatsu uku a sama, ina faɗa samari suna maimaitawa. Da na zo wajen da ake cewa ɗan sikawut mai gaskiya ne abin amincewa, sai muryata ta shaƙe. Suka ɗauka shauƙi ne ya kama ni, har wani ya ce Sa Ikrama akwai kishin aiki.

Na tsani kaina. Ga shi na rubuta, tunda na ce ba zan yi wa littafin nan ƙarya ba, alhali sati biyu ke nan ina yi masa.

Lahadi, 25 ga Agusta, da yamma

Ni ne na ƙulla.

Litinin, 26 ga Agusta, bayan Azahar

Da safe na shiga madafa na faɗa wa Nguavese, don na san in ta ji ba sauran komawa baya. Tana tuƙa tuwo, ta ci gaba da tuƙawa kamar ba ta ji ba. Can ta sauke tukunyar, ta goge hannu, ta kama ni a ƙyallen wuya kamar akuya.

"Oya, mu je. Da bakinka za ka faɗa. Ni ba zan ɗauka maka wannan kaya ba."

Mun sami Baba Tyav a gindin mangwaro yana gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa na faɗi komai, daga ruwan da ya shanye hanya har goben da ban je ba. Bai yarda ba. Ya ce Hammawa ne ya turo ni, tunda addininmu ɗaya. Nguavese ta yi masa magana da yarensu, doguwa. Sai ya tashi ya ce in biyo shi.

A bakin saurar ya nuna mini gamba ya ce, "Yi na gani."

Na kama na ƙulle, na karkata kan wajen rafi. Hannuna ne ya yi da kansa. Ya sunkuya ya daɗe yana dubawa.

"Namu ba ya kwanta gefe haka. Na gani tun ranan, na ce ko na Fulani ne daban." Ya ɗago. "Me ya sa ka yi?"

Na ce don samari su gane hanya, koyon bin sawu ne.

"Wasa?"

Na ce e, Baba, kusan wasa ne.

Sai ya zauna a ƙasa, cikin laka, da wandonsa da komai. Na zaci zai zage ni, na ma fi son ya zage ni. Sannan ya ce, ba da ni yake ba, ba kuma da Nguavese ba:

"Saniyan nan. Na ce ma yara kar su yi. Amma ban ce da ƙarfi ba."

Talata, 27 ga Agusta, bayan La'asar

An sake zama. Na maimaita a gaban kowa, na sake ƙullawa a gaban kowa. Wasu suka yi dariya, wasu suka yi tsaki, wani saurayi ya yi kaina aka riƙe shi. Ba wanda ya taɓa samarinmu. Mai gari ya janye hukunci, ya aika a gaya wa Hammawa, don bai zo ba. Mu kuma an ba mu zuwa jibi mu naɗe tantunanmu, kuma ba baɗi.

Oga ya tsaya ya ba gari haƙuri, ya ce laifin nasa ne tunda shi ya ɗauko ni. Muka kama hanyar sansani. Ban tambayi takardar yabo ba, shi ma bai ambata ba. Da muka iso ya ce in je in ci abinci.

Yau ban je karɓar nono ba, jiya ma haka. Kunya ta hana ni. Amma zuciyata ta yi sauƙi, rabon da in ji haka tun ran goma sha uku. Masarar za ta nuna a hannun mai ita. Gobe da sassafe zan je in durƙusa.

Laraba, 28 ga Agusta, bayan Azahar

Tun daga nesa na ga akori-kura a ƙofar ruga. An yaye bukkoki biyu, sai tsirarun sanduna. Shanu tun shekaranjiya ƙannensa suka kora su garin Keana, tun kafin in shiga madafa. Ma'u tana jera ƙore cikin buhu.

Baba Tyav ya riga ni zuwa. Yana tsaye riƙe da hularsa yana cewa, "Ka zauna. Na yi kuskure. Ka ɗauki sauran ma ka noma, na ba ka. Zan biya saniya."

Baffa ya ce, "Na yafe, Tyav, har ga Allah. Amma Ma'u ba ta barci. Ni ma na ga yadda aka dube ni a ƙofar mai gari, mutanen da na san sunan 'ya'yansu. Masara in ta nuna ka karya, ka ci rabi ka aiko mini rabi. Kabarin tsohuwa kuma kar a bari a noma shi."

Tsohon ya juya baya yana share fuska da hular.

Na durƙusa na fara magana, Baffa ya ɗaga mini hannu.

"Na sani, ɗana. Ina cikin shanu ran Asabar ɗin, na gan ka kana ƙullawa kana waƙa."

Na ce, "Baffa, to me ya hana ka faɗa? A gaban mai gari ka dube ni!"

"In na nuna ka, sai a ce Bafillace ya yi ɓarna ya kuma laƙa wa yaron mutane. Wa zai yarda? In kuma sun yarda, ban san abin da za su yi maka ba, ka ga dai saniya." Ya jawo igiya daga ƙarƙashin motar. "Na ce yaron kirki ne, zai faɗa da kansa. Kullum ka zo da jarka ina duban bakinka. Sati biyu ina duba."

Ba faɗa a muryarsa, ko kaɗan. Da ya ɗaga murya da na samu abin riƙewa.

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun tuni, rana tana yi, direba yana sauri. Ya wurga igiyar ta saman kayan, ta sauko ta gefena, ya ce in kama masa.

Na kama.